Gilisarin: Ruwan Da Ya Ƙi Daskarewa, Da Sauran Al'ajabansa

Da zarar hunturu ya kankama, fata ta yi fari, leɓe ya fara tsagewa, dunduniya ta yi faso, sai kasuwar wata 'yar kwalba ta buɗe a kemis da shagunan kayan kwalliya. Ruwan da ke cikinta garau yake, ba launi, ba wari, ga kauri ga danƙo, wanda ya ɗanɗana kuma zai ji zaƙi a harshe. Mata na zuba shi cikin man shafawa, masu haɗa sabulu na saye da galan. Gilisarin ke nan. Arharsa ce ta sa ba a ɗauke shi a bakin komai ba. Ni kuwa a ganina, cikin sinadaran da ke shiga gidajenmu da wuya a sami mai tarin al'ajabi kamarsa, kuma galibin al'ajaban daga lambobi huɗu suka taso: inda yake daskarewa, inda yake tafasa, nauyinsa da kaurinsa.

A lissafi, ya kamata ya daskare a Kano

Ruwan sha yana zama ƙanƙara a digiri sifili na ma'aunin Selsiyas. Tsantsar gilisarin kuwa, littattafan kimiyya sun rubuta cewa iyakar da ke tsakanin daskararrensa da narkakkensa digiri 17.8 ce, wato kusan 18 sama da sifili. To, a watan Disamba da Janairu sanyin asuba a Kano, Zariya, Jos ko Damagaram yakan sauko ƙasa da haka ƙwarai. Bisa wannan lissafi, kwalbar da ta kwana kusa da taga ya kamata a wayi gari a tarar da ita ta zama dutse. Amma wa ya taɓa gani? Kai, ko a firiza aka saka shi, kauri kawai zai ƙara, ya riƙa zuba da ƙyar, ba zai zama ƙanƙara ba. Masana kimiyya da yawa sun yi aiki da gilisarin tsawon rayuwarsu ba su taɓa ganin daskararrensa da ido ba.

Dalili ɗaya mai sauƙi ne: wanda ake sayarwa a kasuwa yakan ƙunshi ɗan ruwa, ruwa kuma yana sauko da matakin daskarewarsa. Babban dalilin kuwa ya fi wannan zurfi. Kafin kowane ruwa ya zama ƙanƙara ta haƙiƙa, dole ƙwayoyinsa su jeru a tsare, kowace a gurbinta, kamar yadda masallata ke daidaita sahu. A ruwan sha ƙwayoyin na da sararin motsi, nan da nan sahu ya miƙe. A gilisarin cunkoso ya yi yawa, kowace ƙwaya na riƙe da na kusa da ita, kuma gwargwadon ƙaruwar sanyi gwargwadon nauyin motsinsu. Kafin su sami gurbinsu sanyi ya riga ya ɗaure su. Idan aka ci gaba da sanyaya shi har wajen digiri 83 ƙasa da sifili, sai ya sandare gaba ɗaya, amma a hargitse, irin sandarewar gilashi, ba tare da ƙwayoyin sun taɓa jeruwa ba.

Wannan hali ya haifar da wata tatsuniya da har yau take yawo a littattafan masu son gaibu. Wai tun da aka gano gilisarin ba wanda ya iya daskarar da shi, sai wata rana wata ganga da aka ɗauko daga Biyana zuwa Landan ta iso a daskare, daga nan kuma wai gilisarin na duniya duka ya “koyi” daskarewa, har wanda ke cikin kwalaben da aka toshe. Ƙarin gishiri ne. Abin da ke rubuce shi ne aikin da G. E. Gibson da William Giauque suka buga a 1923 daga jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley. Sun nuna hanyoyi biyu. Ko dai a jefa ɗan ƙwayar daskararren gilisarin cikin mai sanyi, ta zama iri, sauran su bi tsarinta. Ko kuma a sanyaya shi matuƙa da iskar da aka mayar ruwa, sannan a bar shi ya ɗumama sannu a hankali na fiye da yini guda. Ba sihiri, ba aljani, haƙuri ne kawai. Giauque ɗin nan shi ne ya karɓi kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 1949 saboda bincikensa kan halin abubuwa a matsanancin sanyi.

Sifili da goma sha takwas sun haifi arba'in da shida ƙasa da sifili

Ga wanda ya fi ɗaure kai. Ruwa na daskarewa a sifili, gilisarin a kusan 18. Hankali zai ce idan aka gauraya su, haɗin zai daskare a wani wuri tsakanin biyun. Ina! Idan gilisarin ya zama kashi 10 cikin ɗari na nauyin haɗin, sai an kai digiri 1.6 ƙasa da sifili kafin ƙanƙara ta fara. A kashi 30, sai 9.5 ƙasa da sifili. Rabi da rabi, wajen 23. Idan aka kai kashi biyu cikin uku gilisarin, ɗaya ruwa, haɗin ba ya daskarewa sai a digiri 46.5 ƙasa da sifili. Daga nan sai lissafin ya juya: ƙara gilisarin ya wuce haka, matakin ya fara hawa, a kashi 80 ya dawo wajen 20 ƙasa da sifili, a kashi 90 ya dawo 1.6 ƙasa da sifili. Kowannensu na hana ɗan'uwansa jeruwa, kuma a kashi biyu cikin uku ne hanawar ta kai maƙura.

Shi ya sa a farkon ƙarni na 20 direbobin Turai da Amurka ke zuba shi a lagireton mota don kada ruwan ya daskare ya fasa inji cikin dare. A shekarun 1920 wani sinadari mai suna etilin gilaikol ya ƙwace masa kasuwar saboda ya fi arha kuma bai kai shi kauri ba. Sai dai shi wannan magajin guba ne, yana da zaƙi kuma, abin da ke jawo yara da dabbobin gida su lasa.

Tafasa a 290, da sirrin maƙalai uku

Ruwa na tafasa a digiri 100. Gilisarin sai 290, zafin da ya zarce na man da ake tuya da shi nesa ba kusa ba. Don a gane dalili, a dubi wasu 'yan gida ɗaya su huɗu, kowannensu an gina shi a kan zarrar kabon uku. Na farko shi ne furofen, ɗaya daga cikin iskar da ke cikin tukunyar gas ɗin girki. Yana tafasa a digiri 42 ƙasa da sifili, shi ya sa da an buɗe shi sai ya bi iska. A maƙala masa zarrar oksijin ɗaya mai riƙe da haidurojin, sai ya zama furofanol, mai tafasa a 97. A maƙala biyu, ya zama furofilin gilaikol, mai tafasa a 188. A maƙala uku, ya zama gilisarin, 290. Daga 42 ƙasa da sifili zuwa 290 sama da shi, bambancin zarrar oksijin uku ce kacal.

Waɗannan maƙalai uku su ne tushen komai. Da su ƙwayoyin gilisarin ke riƙe juna, shi ne kaurin da kuma wuyar tafasa. Da su suke cafke ruwa, shi ne amfaninsa ga fata. Da su suke hana ƙanƙara haɗuwa. Su ne ma harshe ke ji a matsayin zaƙi, wanda ya kai wajen kashi 60 cikin ɗari na zaƙin sukari.

Amma kafin ya kai ga tafasa sosai yakan fara lalacewa, ya saki wani hayaƙi mai suna akurolin, mai yaji a ido da maƙogwaro. Duk mai tuyar ƙosai da ta taɓa barin mai ya ƙone a kasko ta shaƙe shi, domin a cikin man akwai gilisarin. Saboda haka masana'antu ba sa tace shi a buɗaɗɗiyar tukunya. Sukan zuƙe iskar da ke cikin tukunyar tukuna. Idan matsin iskar ya ragu ƙwarai, sai ya tafasa a wajen digiri 180 ba tare da ya ƙone ba.

Kauri da nauyi

A digiri 20, gilisarin ya fi ruwa kauri sau 1,400 da ɗoriya. Kaurin nan kuwa ba ya tsayawa wuri guda. A digiri sifili ya kai wajen sau 12,000 na kaurin ruwan ɗaki. A digiri 40, irin zafin watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri, ya faɗo ƙasa da 300. A digiri 100 bai wuce 15 ba. Wato kwalba ɗaya ce, amma halinta a bazara daban, a hunturu daban. Ruwa ma na karya shi da sauri: kashi 10 kacal na ruwa yakan sauko da kaurin daga 1,400 zuwa wajen 220. Mai saye da ya san wannan zai iya zargin algus tun daga yadda ruwan ke gangarowa a jikin kwalba.

Nauyinsa kuma: lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, ta gilisarin kilo 1.26. A riƙe wannan lamba, za a sake buƙatarta.

Wasu a gurguje

Sanda ta gilashin Pyrex, in aka tsoma ta cikin gilisarin, ɓacewa take yi daga gani. Gilashin da ruwan suna lanƙwasa haske daidai wa daida, wajen 1.47 a ma'aunin masana, don haka ido ba ya samun iyakar da ke tsakaninsu.

Sauti na gudun wajen mita 340 a daƙiƙa cikin iska, kusan 1,500 cikin ruwa, wajen 1,900 cikin gilisarin.

Agogon auna matsi da ake gani a jikin famfon ban ruwa ko injin hura taya, wanda fuskarsa ke cike da ruwa har ana ganin kumfa ɗaya a sama, ba ruwan sama ne ya shige shi ba. Galibi gilisarin ne aka zuba da gangan, don kaurinsa ya hana allurar karkarwa idan inji na jijjiga.

Wajen 1880 wani Bature mai suna James Jordan ya ƙera ma'aunin matsin iska da gilisarin a madadin zaiba, aka kafa a cibiyar nazarin yanayi ta Kew a Landan. Na zaiba tsayinsa bai kai mita ɗaya ba. Na gilisarin sai da ya haura mita 8, amma ɗan canjin yanayi kaɗan sai a gan shi ɓaro-ɓaro.

Hawayen da ke kwarara a fuskar jaruman finafinan Indiya, sau da yawa ɗigon gilisarin ne. Shi ne kuma gumin da ke ƙyalli a goshin ɗan wasa, domin ba ya bushewa a ƙarƙashin zafin fitilu. Hazon da ake busawa a dandalin wasanni ma yana cikin kayan haɗinsa, haka kumfar sabulun da yara ke hurawa takan daɗe ba ta fashe ba idan an ɗiga shi a ruwan.

Akwai wani gwaji da duk wanda ya gani ba ya mantawa. A cika tsakanin gwangwanaye biyu na gilashi, ƙarami cikin babba, da gilisarin, a ɗiga tawada, a juya na cikin a hankali sau huɗu ko biyar har tawadar ta baje. Sai a juya baya daidai adadin, tawadar ta tattaru ta koma ɗigonta. Saboda kauri, ruwan bai taɓa hautsinewa ba, miƙewa kawai ya yi zare-zare, ya kuma naɗe. Masanin Ingila G. I. Taylor ne ya shahara da nuna irin wannan gwaji a wani fim na koyarwa a shekarun 1960.

Gargaɗi ɗaya: kada a ajiye shi kusa da jan garin nan na famanganet da ake jiƙawa a wanke ciwo da shi. Idan suka haɗu, bayan ɗan jinkiri wuta ce ke tashi da kanta.

Kwalbar da aka yi wa kuskuren suna

A ƙarshen shekarun 1940, a cibiyar binciken likitanci ta Mill Hill da ke Landan, Christopher Polge, Audrey Smith da Alan Parkes suna ta fama su daskarar da maniyyin zakara su narkar da shi da ransa. Suna gwada ruwan sukari, abin ya ƙi. Wata rana suka ɗauko kwalba daga kanta, suka yi amfani da abin da ke ciki, sai ga ƙwayoyin sun farfaɗo suna iyo bayan narkewa. Da suka haɗa sabon ruwan sukari, abin ya sake ƙi. Sai suka kai ragowar tsohuwar kwalbar aka bincika, ashe takardun jikin kwalabe ne suka musanya: abin da ke ciki haɗin gilisarin ne da farin ƙwai da ake amfani da shi wajen wani aiki dabam. Suka buga sakamakon a 1949.

Abin da ke kashe ƙwayar halitta a sanyi abu biyu ne: tsinin ƙanƙara da ke huda ta, da gishirin da ke taruwa ya yi mata yawa idan ruwan da ke kewaye da ita ya daskare. Gilisarin na ratsawa cikin ƙwayar, ya rage yawan ƙanƙarar, ya sassauta gishirin. A 1950 Audrey Smith ta nuna cewa dabarar na aiki a jajayen ƙwayoyin jini. A farkon shekarun 1950 aka haifi ɗan maraƙi na farko daga daskararren maniyyi, a 1953 kuma likitoci a jihar Iowa ta Amurka suka ba da rahoton cikin ɗan Adam na farko ta wannan hanya. Yau bankunan jini na ajiye nau'in jinin da ke da wuyar samu cikin gilisarin kashi 40, a digiri 80 ƙasa da sifili, har shekara goma. Makiyayin da aka yi wa saniyarsa barbarar allura da irin bijimin da ke wata nahiya, shi ma albarkacin wannan kwalba yake ci. Abin da ya fi burge ni a labarin shi ne ba su tsaya murna ba. Sun nace sai sun san abin da ke cikin kwalbar. Da sun zubar da ragowar, da sa'ar ta wuce a banza.

Halittu sun riga mu

Tun kafin Mill Hill, Allah Ya hore wa wasu ƙananan halittu wannan dabara. Ƙwari da yawa na ƙasashen sanyi, da kaka ta yi, sai su fara mayar da abincin da suka tara a jiki gilisarin. Tsutsar wani jan buzuzu da ke rayuwa ƙarƙashin ɓawon itace a Alaska takan rage ruwan jikinta, ta cika shi da gilisarin. A gwaji an sanyaya irinta har digiri 100 ƙasa da sifili, wasu suka farfaɗo. Wani ƙaramin kifi a gaɓar tekun Kanada yakan tara shi a jini don ya yi iyo a ruwan gishirin da ya sauka ƙasa da sifili. Akwai kwaɗon bishiya a Amurka da ke daskarewa da sanyi, ya narke da bazara ya ci gaba da kukansa. Can kuma a Tekun Gishiri na ƙasar Sham, inda matsalar ba sanyi ba ce, wata gansakuka na cika cikinta da gilisarin don kada gishiri ya tsotse mata ruwa.

Mu ma yana jikinmu. Kowane kitse da kowane mai, man gyaɗa, man ja, man shanu, man kaɗanya, ƙwayarsa gilisarin ɗaya ce riƙe da jelar mai uku, kuma gilisarin ya kai wajen kashi ɗaya cikin goma na nauyin man. Idan mai azumi ya kai la'asar, jiki ya taɓa kitsen da ya ajiye, gilisarin ɗin da ya fito hanta ce ke karɓa ta mayar da shi sukari.

Daga man zaitun zuwa nakiya

Wanda ya fara ware shi wani mai haɗa magani ne a Suwidin, Carl Wilhelm Scheele, a 1779, yayin da yake dafa man zaitun da garin dalma. Ya lura da wani ruwa mai zaƙi da ya rage. Bafaranshe Michel Chevreul, wanda ya rayu shekara 102, shi ya bayyana yadda yake zaune a cikin kitse, ya kuma raɗa masa sunan da muke kiran sa da shi. Shekaru da dama ba wanda ya damu da shi. Masu yin sabulu ma zubar da ruwansa suke yi. Sabulun gargajiya irin na salo, da ake dafawa da toka da mai, gilisarin ɗinsa na nan a ciki ba a cire ba, yana daga cikin abin da ke sa shi laushi yana kuma jan danshi. Manyan masana'antu kuwa sukan zuba gishiri su raba shi da sabulun su sayar daban.

Darajarsa ta tashi ne bayan 1847, shekarar da Ascanio Sobrero na birnin Turin a Italiya ya haɗa shi da asid masu ƙarfi ya samar da naitirogilisarin, ruwan da ɗan girgiza ke tarwatsa shi. A 1864 masana'antar iyalan Nobel a Stockholm ta fashe, mutum biyar suka mutu, ciki har da Emil, ƙanin Alfred Nobel. A 1867 Alfred ya yi rajistar dinamet, bayan ya gano cewa idan wata irin ƙasa mai laushi ta shanye ruwan, ana iya ɗaukarsa lafiya.

A nan ma matakin daskarewa ya ci rayuka. Shi naitirogilisarin, saɓanin uwarsa, yana daskarewa da gaske a wajen digiri 13. Masu haƙar ma'adinai a ƙasashen sanyi sukan tarar da sandunan dinamet sun sandare da safe, wasu su kai su kusa da murhu don su narke, da yawa ba su tashi daga wurin ba. Sai da aka riƙa gauraya shi da wani sinadari mai sauko da matakin daskarewar kafin wannan bala'i ya lafa.

Wannan nakiya dai ita ce maganin ciwon ƙirjin masu cutar zuciya. Likita William Murrell na Landan ya bayyana haka a 1879, kuma har yau ana saka ƙwayar da ba ta kai miligiram ɗaya ba a ƙarƙashin harshe don ta buɗe jijiyoyin jini. Nobel kansa likitoci sun rubuta masa ita kafin rasuwarsa a 1896. Yadda take aiki kuwa sai bayan ƙarni guda aka fahimta, kuma waɗanda suka warware shi, Furchgott, Ignarro da Murad, kyautar Nobel suka samu a 1998.

Yaƙi ya mayar da kitse makami. A Yaƙin Duniya na Ɗaya, da aka toshe wa Jamus hanyar shigo da mai, sai ta koma samar da gilisarin daga sukari da yis, har wajen tan dubu a wata. A na Biyu, daga 1942, gwamnatin Amurka ta roƙi matan gida su tara ragowar man suya su kai wa mahauta, a tura masana'antar nakiya. Yau kuwa ya yi yawa har ana neman yadda za a yi da shi, domin duk kilo 100 na man biyodizil da aka sarrafa yana barin wajen kilo 10 na gilisarin. Tunda ana samunsa daga man ja, daga kitsen shanu, daga na alade, har daga man fetur, Musulmin da ya ga lamba E422 a jikin kayan abinci yana da hujjar neman sanin asalinsa, kamfanoni da dama kuma sukan rubuta idan na tsirrai ne.

Fata, ciki da ƙanƙarar yara

Kwalbar da aka bari a buɗe nauyinta ƙaruwa yake yi, saboda gilisarin na zuƙo danshi daga iska. Wannan ne aikinsa a fata: ya riƙe ruwa a samanta. Ɓerayen da aka haifa ba su da ƙofar da ke shigar da gilisarin cikin ƙwayoyin fata, an ga fatarsu na bushewa, da aka ba su shi kuma ta gyaru. Amma iskar hunturu ba ta da danshin da za a zuƙo, don haka shafa tsantsarsa a busasshiyar fata danƙo kawai zai bari. A sirka shi da ruwa, a shafa bayan wanka jiki na da laima, a bi da man kaɗanya ko basilin ya rufe.

Jan ruwan nan ne ya sa ake yin 'yar matsin dubura da shi don taurin bayan gida, likitoci kuma sun yi amfani da shi wajen sauke hawan jinin ido. Hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya ta haramta shi ga 'yan wasa a 2010, ta janye haramcin a 2018. A Birtaniya, masu sayar da ƙanƙarar sha mai launi da ake kira silashi suna zuba shi a madadin sukari don kada ta daskare ta zama dutse, sai aka fara kai ƙananan yara asibiti a sume, sukarin jininsu ya faɗi. Hukumar kula da abinci ta ƙasar ta ce a 2023 kada a ba ƙananan yara, a 2025 ta ɗaga iyakar zuwa 'yan ƙasa da shekara bakwai.

Tagwayen da ke kisa

Wannan shi ne ɓangaren da ya fi ci mini rai. Akwai wani sinadarin masana'antu, dayetilin gilaikol, wanda a ido da harshe ba ya da maraba da gilisarin: garau, mai kauri, mai zaƙi, kuma ya fi arha. Idan aka sha, ƙoda yake kashewa. Yaro ya daina fitsari, cikin 'yan kwanaki rai ya yi halinsa. A 1937 ya kashe fiye da mutum ɗari a Amurka ta cikin wani maganin ruwa, abin da ya haifar da dokar tantance magunguna ta 1938. A 1986 majinyata 14 suka mutu a wani asibitin gwamnati a Mumbai bayan an ba su gurɓataccen gilisarin. A Haiti, tsakanin 1995 da 1996, yara fiye da 80 suka rasu ta ruwan farasitamol. A Panama a 2006, gangunan da suka taso daga Sin suka bi ta Sifen da sunan gilisarin, aka haɗa maganin tari da su, fiye da mutum ɗari suka mutu. Gangunan sun ratsa hannun dillalai a nahiyoyi uku ba wanda ya gwada abin da ke ciki.

Mu ma bai bar mu ba, ko da yake a nan ya fi shigowa da rigar furofilin gilaikol, ɗan'uwan gilisarin mai maƙalai biyu. A 1990 yara 47 suka rasu a Jos ta ruwan farasitamol. Tsakanin 2008 da 2009 maganin haƙoran jarirai mai suna My Pikin ya kashe yara 84 a Najeriya bisa ƙidayar ma'aikatar lafiya. A 2022 yara wajen 70 suka rasu a Gambiya ta magungunan tari da aka shigo da su daga Indiya.

Ga inda lambar nauyi ke da amfani. Lita ɗaya ta gilisarin kilo 1.26 ce, ta dayetilin gilaikol wajen 1.12. Gilisarin na tafasa a 290, shi a 245. Gangar da aka cika da guba zalla aka manna mata sunan gilisarin, sikeli da mazubin awo sun isa su tona mata asiri. Wadda aka yi wa gauraye kuwa sai na'urar ɗakin gwaje-gwaje mai rarrabe sinadarai. Ƙa'idar magunguna ta ce kada gubar ta wuce kashi 0.1 cikin ɗari, kuma hukumar magunguna ta Amurka ta shawarci masu haɗa magani su ɗebi samfuri daga kowace ganga su gwada da kansu, kada su dogara da takardar shaidar da dillali ya miƙo.